Sharhi: Bayan An Sallamo Ta Daga Shika, Wa Ke Duba Mikin?

Idan ba a manta ba, a shekarar 2021 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da asusun tallafa wa masu fama da ciwon daji, wato sankara, wanda ya fara aiki a manyan asibitoci shida na ƙasar nan, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. An ware asusun ne domin nau'i uku na cutar: sankarar nono, da ta bakin mahaifa, da wadda ke kama maza a gindin mafitsara. A shekarar 2024 kuma aka bayyana shirin kafa sababbin cibiyoyin kula da masu sankara a asibitocin koyarwa shida, Zariya na cikinsu, har aka buɗe ta Katsina a shekarar 2025. Ga al'ummar ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda Shika ce babbar madogararsu a duk lokacin da ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida, ma'anar wannan ita ce matan da za su kai ga hannun likitan tiyata za su ƙaru. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai akwai wani ɓangare na jinyar da ba a cika ambatonsa a wajen bukukuwan buɗe gine-gine ba, shi ne abin da ke faruwa da mikin bayan mace ta hau mota ta koma Paki ko Gimi ko Likoro.

Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata 32,278 ne suka kamu da sankarar nono a Nijeriya, 16,332 kuma suka rasu sanadiyyarta. Babu wata sankara da ta kai ta yawa a ƙasar nan. Galibin matanmu ba sa isa asibiti sai cutar ta yi nisa, bayan an gama zagayen jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, wani lokaci har da sakiya. Idan abin ya kai haka, sau da yawa ba a iya ƙwaƙule ƙullutun kaɗai a bar nonon. Dole a cire shi gaba ɗaya, a kuma kwashe kaluluwar da ke hammata. Miki ne mai faɗi, daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙarƙashin hannu, a jikin da cuta da rashin jini suka riga suka raunana.

Abin da cire nono ke jawo wa mace a gidan aurenta ba ɓoyayye ba ne, kuma likitocinmu na Zariya sun auna shi. A wani bincike da Dakta Odigie da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2010, sun bi diddigin matan aure 81 da aka cire wa nono a yankin arewa maso yamma. Bayan shekara uku, kashi 38.3 cikin ɗari daga cikinsu aurensu ya mutu ko kuma sun rabu da mazajensu. Duk wanda ya ji wannan adadi zai fahimci dalilin da ya sa mace take jin an ce a cire sai ta tattara kayanta ta gudu daga asibiti, zai kuma fahimci dalilin da ya sa batun sake gina nono ya wuce maganar kwalliya. Malaman Musulunci ma sun duba lamarin. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na shekarar 2007 a Maleshiya, ta halatta tiyatar maido da halitta da cuta ko haɗari ya ɓata, ta kuma sanya sake gina nonon da aka cire a cikin misalanta. Saboda haka ba a nan gizo ke saƙa ba.

Yadda ake aikin, da inda haɗarin yake

Hanyoyi biyu ne manya na sake gina nono. Ta farko, likita ya ɗebo tsoka da fata daga bayan matar ko daga cikinta ya gina da su. Ta biyu, ya sanya wata jaka mai taushi da aka cika da sinadarin silikon ko ruwan gishiri a ƙarƙashin fata ko ƙarƙashin tsokar ƙirji. Wasu likitoci biyu na birnin Hustan a Amurka, Cronin da Gerow, su ne suka fara dasa irin wannan jaka a shekarar 1962. Akan sanya ta a ranar da aka cire nonon, ko kuma a fara sanya wata jakar wucin gadi da ake ƙara wa ruwa kaɗan-kaɗan har fata ta buɗe, daga baya a musanya ta da ta dindindin. A ƙasashen Turai da Amurka wannan hanya ta biyu ita ce aka fi bi. A Nijeriya kuwa matan da ake sake gina wa nono ƙalilan ne ƙwarai, galibi a manyan birane, ko waɗanda suka fita Indiya ko Masar neman magani. To amma waɗanda suka fita ɗin gida suke dawowa, kuma idan ciwo ya tashi cikin dare, ma'aikacin lafiya na unguwa ake bugun ƙofarsa, ba likitan Alƙahira ba.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa jakar ta fi sauran tiyata tsoron ƙwayoyin cuta. Naman jiki yana da jini da ke gudana a cikinsa, jinin kuma shi ne ke kai dakarun garkuwar jiki da magani duk inda ƙwayar cuta ta sauka. Jakar silikon ba ta da jijiya ko guda. Idan ƙwayoyin cuta suka samu suka manne a bayanta, sai su fitar da wani irin yauƙi su lulluɓe kansu da shi, kamar gansakuka a jikin randa, ta yadda maganin da ke kashe su a wani wuri ba ya ratsawa ya same su. Mafi yawansu ba daga nesa suke zuwa ba. Ƙwayoyin da ke zaune a fatar mutum ne da cikin hancinsa, waɗanda ba sa cutar da shi sai sun samu ƙofa. Ga shi kuma fatar da aka bari a ƙirji bayan cire nono siririya ce, jininta ya ragu, ruwa kuma yana taruwa a ƙarƙashinta. Idan abin ya kama sosai, magani ɗaya ne: a koma ɗakin tiyata a ciro jakar, a jira watanni kafin a sake tunanin wata.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A Birtaniya an yi wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2019, inda aka bi mata 2,108 da aka sanya wa jakar nan take bayan cire nono a asibitoci 81. Cikin wata uku, kashi 25 cikin ɗari sai da aka yi musu maganin ƙwayoyin cuta, kashi 18 aka sake kwantar da su, kashi 9 kuma aka ciro musu jakar baki ɗaya. Wannan a ƙasar da famfo ba ya ƙafewa ke nan, wuta ba ta ɗaukewa, ma'aikaciyar jinya kuma tana iya zuwa har gida. Mu kuma fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2016 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata mikinsu yana harbuwa. Wani bincike da aka gudanar a ƙasashen Afirka 25 kan marasa lafiya 11,422, aka wallafa a 2018, ya gano cewa harbuwar ƙwayoyin cuta ita ce matsalar da ta fi yawa bayan tiyata, kuma marar lafiya a Afirka ya ninka na sauran duniya yiwuwar mutuwa bayan an yi masa aiki, duk da cewa namu sun fi ƙuruciya. Abin lura a binciken shi ne yawancin mace-macen ba a kan teburin aiki suke faruwa ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, lokacin da babu mai lura da cewa jiki ya fara sauyawa.

A ra'ayin wannan shafi, saboda haka, matar karkara da likita ya yi wa tayin sanya jaka a rana ɗaya da cire nono tana da haƙƙin ta yi tambayoyi kafin ta amince, mijinta ko waliyyinta ma haka. Shin za a yi mata gashi da na'ura bayan aikin? Domin gashin yana ƙara yiwuwar harbuwa da ƙanƙancewar naman da ke kewaye da jakar. Idan ta ga alamar matsala, wa za ta kira, kuma cikin awa nawa za ta iya isa gare shi? Idan aka ciro jakar, wa zai biya kuɗin aiki na biyu? Ba laifi ba ne a jinkirta ginin har a kammala maganin sankarar, ko shekara guda ce ko fiye. Ƙofar ba ta rufewa. Akwai kuma nonon roba ko na auduga da ake sanyawa a cikin rigar mama, wanda ba ya buƙatar wuƙa, kuma tela mai hankali zai iya ɗinka aljihunsa. Wanda kuma ya samu hali zai fita waje, ya tabbatar ya dawo da takardar da ke nuna sunan kamfanin da ya ƙera jakar da lambarta. A shekarar 2010 an gano wani kamfanin Faransa mai suna PIP yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, a 2019 kuma aka janye wani nau'i na kamfanin Allergan daga kasuwannin duniya saboda alaƙarsa da wata sankara da ba a cika samu ba. Matan da ke riƙe da takardunsu ne suka san ko abin ya shafe su.

Amma mu dawo ga mafi yawa, wato matan da aka cire wa nono ba tare da an sanya komai ba, domin duk abin da ke kare mai jaka shi ne ke kare su, kuma asarar da harbuwar miki ke jawo musu ba ƙarama ba ce. Tiyata kashi ɗaya ce kawai ta maganin sankara. Bayanta akwai ƙarin ruwan magani mai kashe ragowar cutar, wanda likitoci ke so a fara cikin 'yan makonni, kuma ba a fara shi a kan miki mai zubar da mugunya, domin maganin da kansa yana karya garkuwar jiki. Kowane mako da mikin ya ƙi warkewa mako ne da aka ba sankarar ta sake yin saiwa, kuma bincike ya nuna jinkirin da ya haura wata uku yana rage damar tsira. Ga kuɗin da aka tanada domin ƙarin ruwan, wanda wataƙila sai da aka sayar da rake tun yana gona ko aka kai tunkiya kasuwa kafin a haɗa shi, ya tafi a wankin ciwo da kuɗin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na yaƙi da sankarar nono da ta ƙaddamar a 2021, ta sanya burin cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na masu cutar su kammala maganinsu har ƙarshe. Miki ɗaya da ya ruɓe a ƙauye yana iya fitar da mace daga cikin wannan lissafi, ba tare da an rubuta dalilin a ko'ina ba.

Abin da ke hannun gida

Rigakafin yana farawa tun kafin ranar aiki. Mai ciwon sukari ta tabbatar an daidaita shi, domin sukari mai yawa a jini yana hana miki haɗewa. Mai ƙarancin jini a gyara mata shi. A daren aiki ko safiyarsa ta yi wanka da sabulu, ko na yau da kullum ne ya wadatar. Kada ta aske hammata da reza da nufin tsabta. Reza tana barin ƙananan tsage da ido ba ya gani, kuma ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 sun hana aski da reza kafin tiyata, sun ce in dole ne a rage gashin da na'urar aski a asibiti. Idan akwai maruru ko ƙurji a jiki, a faɗa wa likita, ko da zai ɗage ranar.

Yawanci akan sallamo mace da siririyar roba da ta fito daga gefen mikin tana tsiyayar da ruwa zuwa cikin wata 'yar gora ko jaka. Wannan roba tana da amfani, domin ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin fata shi ne abincin ƙwayoyin cuta, amma kuma ita kanta hanya ce daga waje zuwa ciki. Dole gorar ta kasance ƙasa da ƙirji ko da yaushe, kada a ajiye ta a ƙasa inda kaji da yara ke wucewa, kada a zare robar a wanke a mayar, kuma duk wanda zai juye ruwan ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan. A riƙa auna abin da ya fito kowace rana ana rubutawa, domin da wannan lissafin ne likita ke sanin ranar cirewa. Galibi idan ya ragu zuwa kimanin mililita 30 a yini, wato cokalin cin abinci biyu. Ɗan makarantar firamare da ke gidan zai iya riƙe wannan rubutu.

Akwai wata al'ada tamu da ya wajaba a yi magana a kanta ƙarara, ita ce gasa ciwo da ruwan zafi. Mun saba da ita a jego da targaɗe, har ta zama alamar kulawa, uwa ko yaya ta dafa ruwa ta tsoma tsumma ta dinga dannawa. A ƙirjin da aka cire wa nono wannan haɗari ne babba, domin an yanke jijiyoyin da ke sa fata ta ji zafi. Matar ba za ta ce wayyo ba, alhali fatar tana ƙonewa, sai washegari a ga ta yi bororo, ƙuna kuma a kan fatar da jininta ya ragu ƙofa ce a buɗe. Idan akwai jaka a ƙarƙashi, ƙunar tana iya kaiwa har jakar ta bayyana. Haka nan man shanu, da man kaɗanya, da toka, da garin magani, da fasa kafso a barbaɗa a kan ɗinki: duk wanda ya kawo su da kyakkyawar niyya ya kawo, amma a yi masa godiya a ajiye. Tofi da addu'a ba sa buƙatar a kware bandeji. Game da wanka da alwala kuwa, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure rauni da shi, da taimama ga wanda ruwa zai cutar, don haka limamai za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa tunatar da mata wannan sauƙi.

Sai batun aiki. Daka da surfe da jan guga da ɗaukar itace duk da hannu da ƙirji ake yin su, kuma suna iya buɗe ɗinki ko su ƙara taruwar ruwa. Motsa hannu a hankali kamar yadda aka koya mata a asibiti wajibi ne domin kada kafaɗa ta sandare, amma turmi ya jira makonni. Wannan nauyi ne a kan maigida da abokan zama, kuma a nan ake gane gidan da ke da shugabanci. Hannun ɓangaren da aka kwashe kaluluwa kuma zai ci gaba da buƙatar kulawa har tsawon rai, domin ƙaramin yanka na wuƙar girki ko ƙaya yana iya sa shi kumbura ya yi ja.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne: ja da ke yaɗuwa daga bakin ɗinki, zafi da kumburi da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ruwan roba ya yi kauri ko ya yi wari, fata ta yi baƙi, bakin miki ya buɗe, ko zazzaɓi da rawar sanyi. A kan zazzaɓin nan ne muka fi yin asara. A ƙasarmu duk zafin jiki maleriya ne, in ya ƙi sauka a ce taifot, sai a yi kwana biyar ana shan magani ba wanda ya ɗaga riga ya duba. Macen da aka yi wa tiyata cikin wata uku da suka wuce, idan ta yi zazzaɓi, a gwada maleriya, amma a duba mikin a wannan zama ɗin. Idan kuwa ta fara karɓar ƙarin ruwan sankara, zazzaɓi a wurinta lamari ne na gaggawa, a nufi babban asibiti ko da tsakar dare ne.

Mutane da yawa suna ganin maganin duk wannan shi ne a saya mata kafso a kemis ta yi ta sha har mikin ya warke. Ƙa'idar da masana suka tsayar ta saɓa wa haka: ana ba da maganin rigakafin ne ta jijiya cikin minti 120 kafin a fara yanka, kuma ci gaba da shan sa kwanaki bayan aiki ba tare da dalili ba, ko don akwai roba a jiki, ba ya ƙara kariya. Idan akwai jaka, wasu likitoci sukan ƙara ɗan lokaci, wannan kuma hukuncin wanda ya yi aikin ne. Shan barkatai yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, ya kuma ɓoye alamun ciwo har sai ya yi zurfi. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan wannan mutuwa idan aka kwatanta da yawan jama'a. Lasisin mai kemis bai ba shi izinin rubuta irin waɗannan magunguna ba. Amma tun da shi ne na farko da ake zuwa wurinsa a yawancin ƙauyuka, hikima ita ce a jawo ƙungiyarsu a jiki, a koya musu cewa mai ɗinki a ƙirji turawa ake yi.

Abin da ke hannun hukuma

A nan ne maganar ta dawo kan shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da shugabannin sassan lafiya, da iyayen ƙasa. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma manufar da aka daɗe ana bi ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya matakin farko guda mai aiki. Akwai manyan asibitoci a Ikara da Makarfi da Hunkuyi. A Makarfi kuma akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya da aka sani da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wadda ɗalibanta suka bazu a asibitocin jihar nan da maƙwabta. Wato ginin yana nan, mutanen ma suna nan. Abin da ake buƙata shi ne igiyar da za ta ɗaure Shika da waɗannan wurare, ta yadda matar Saulawa ko Gazara ko Kauran Wali ba sai ta hau babur da roba a jikinta ta bi hanyar damina ba, don kawai a canza mata bandeji.

Igiyar ba ta da tsada. Duk macen da aka sallama ta fito da takarda mai bayyana aikin da aka yi, da ranar cire roba da zare, da ko akwai jaka a jikinta, da lambar wayar da ma'aikacin ƙauye zai kira. Ma'aikacin kuma ya san iyakarsa: miki mai jaka a ƙarƙashi ba a soka masa allura don a zuƙe ruwa, ba a matsa shi, ba a buɗe shi a ɗakin shan magani; hoto ake ɗauka da waya, da izinin matar, a tura wa likita, a kuma shirya mota. Ya dace a ce mace ce ke duba mace a duk inda hali ya yi, domin kunya kaɗai ta isa ta sa a ɓoye miki har ya yi wari. Horon yini guda ga ma'aikata mata biyu daga kowace mazaɓa, a harabar Makarfi, ba zai gagari ƙananan hukumomi uku ba idan suka haɗa kai.

Sai kayan aiki. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na shekarar 2022 ya nuna rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu. Tun a 1847 wani likita mai suna Semmelweis ya nuna a birnin Biyana cewa wanke hannu kaɗai yana rage mutuwar masu jego, abin kunya ne a ce har yau ana maimaita darasin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, wanda wani kaso nasa ke shiga asusun cibiyoyin da aka zaɓa kai tsaye. Kwamitin raya mazaɓa, wanda dagaci da limami da wakiliyar mata ke da murya a cikinsa, yana da damar ya tambaya: nawa aka kashe a sabulu, da safar hannu, da auduga da bandeji masu tsabta, da gyaran rijiyar burtsatse? Da me ake dafa almakashi da hantsaki tsakanin marar lafiya da marar lafiya? Ƙananan abubuwa ne, amma an gwada tasirin irinsu. A wani gwaji da aka yi a ƙasashe bakwai har da Nijeriya, aka wallafa a 2022, canza safar hannu da kayan aiki kawai kafin a rufe mikin tiyatar ciki ya rage harbuwa daga kashi 18.9 zuwa kashi 16 cikin ɗari. Haka kuma ya kamata kansiloli su nemi bayani a rubuce daga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, kan abin da mai rajista zai samu na wankin ciwo bayan tiyata, su karanta wa jama'a a masallatai da majami'u da ranakun kasuwa.

Abu na ƙarshe shi ne ƙidaya. Likitan da ya yi aiki a Shika ba zai san mikin ya harbu ba idan matar ba ta koma ba, ma'aikacin ƙauye kuma da ya wanke shi ba ya da inda zai rubuta. A ƙa'idar masu sa ido kan harbuwar miki, ana bin yawancin marasa lafiya kwana 30 bayan aiki, tiyatar nono da wadda aka dasa wani abu a jiki kuma kwana 90. Littafin rajista guda a kowane ɗaya daga cikin manyan asibitocin uku ya isa: ranar aiki, garin da ta fito, halin mikin a kwana na 7 da na 30 da na 90, da ranar da ta fara ƙarin ruwa. Wadda ba ta zo ba a kira ta a waya, in ba a same ta ba a aika wa mai unguwa. Shugaban sashen lafiya ya kawo adadin, ba tare da sunaye ba, gaban majalisar ƙaramar hukuma duk bayan wata uku, a aika da kwafi Shika da Ma'aikatar Lafiya a Kaduna.